Fuskar Porsche, Hanjin Bitil

Da igiya aka jawo ta garejinmu karo na biyu, ana tsakiyar hunturu, Hilux a gaba ita a baya, yaran unguwa na biye da ita da gudu. Ja ce, 'yar ƙarama, kujera biyu, ba ta da rufi sai tanti da ake naɗewa. Gaba da baya an manna Porsche da harufan ƙarfe, kuma haka mai ita, wani Alhaji ɗan kasuwa da ke zaune a unguwar Arkilla a Sakkwato, yake kiran ta. Ni sana'ata riwaya, wato gyaran wutar mota, na daɗe ina bin wayoyin Toyota da Honda da Peugeot. Abin da ya sa na zauna rubuta labarinta shi ne, akwai abin da ya kamata in gani tun zuwanta na farko ban gani ba.

Motar ba Porsche ta ainihi ba ce, kwafi ce. Wadda aka kwaikwaya ita ce Porsche 356 Speedster, wadda ta fito a 1954. Dangin 356 daga 1948 zuwa 1965 aka ƙera su, ta ainihin kuwa yau sai a hannun masu tara tsofaffin motoci a Turai da Amurka, kuɗinta ba na faɗa ba ne. Shi ya sa tun shekarun 1970 ƙananan masana'antu suka shiga yin kwafinta. Sai a zuba bodi da faiba, a ɗora a kan shasin Volkswagen Beetle, Bitil ɗin nan da iyayenmu suka hau, wadda aka riƙa haɗawa a Legas daga 1975. Dabarar ta zauna ne domin motocin biyu 'yan ɗaki ɗaya ne: inji a baya, silinda huɗu a kwance, iska ke sanyaya shi, ba lagireto ba ruwa. Sai dai tazarar tayar gaba da ta baya a Bitil milimita 2400 ce, a 356 kuwa 2100, don haka dole a yanke santimita 30 a tsakiyar shasin a sake waldawa. Ku riƙe wannan yankan, za mu sake haɗuwa da shi.

Alhaji a Abuja ya saye ta, wanda ya sayar masa ma ba shi ya haɗa ta ba. Babu littafi, babu zanen wayoyi, babu wanda za a buga wa waya a tambaya.

"Injiniya, wagga mota ta ishe ni," haka ya fara. Da safe takan tashi lafiya, amma in ta yi zafi aka kashe ta, sai kik, abin da ke tada inji, ya yi ƙas ya yi shiru. In ta kwana uku ba a taɓa ta ba, batir ya mutu. Da dare in an taka birki fitilun baya su dushe, in an sa sigina dukansu su kama ƙyaftawa tare kamar gidan biki. Wayar kuloci ta tsinke sau biyu a wata huɗu. Ga kuma baƙin mai: ta ɓata masa intalok ɗin gida, duk inda ta kwana sai ta bar shaida, in an ɗan yi tafiya kuma ƙaurin ƙonannen mai ya biyo mutum har cikin riga.

Zuwan farko ni kaɗai na duba ta, na yi abin da hannu ya saba. Na auna batir, ya gaji, na ce a sayo sabo. Na ga fambel ya yi santsi, na goge shi da tsumma, na cire washa biyu daga tsakanin ɓangarorin fulin altaneto, na'urar da ke cajin batir, don ya ɗame, domin haka ake ɗaure bel a Bitil. Na ba ta wuta, caji ya hau, na ce shi ke nan. Maganar mai na ce ba fannina ba ne, ya nemi bakanike. Kwana goma sai ga ta a bayan Hilux. Ban tambayi kaina daga ina man da ke jikin bel ya fito ba. Ban kuma lura cewa fitilar caji ba ta kamawa ko an murɗa makulli ba, kuma wannan ta fi ba ni kunya, don aikina ce.

A karo na biyu na hau babur na je Mabera na ɗauko Baba, tsohon bakanike da ya koyi aiki a kan Bitil tun ana sayen ta sabuwa, yanzu 'ya'yansa sun ce ya huta. Da ya iso ko kallon harufan bai yi ba. Ya durƙusa da ƙyar, ya leƙa ƙarƙashi, ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa.

"Wagga ai Bitil ta, an yi mata kwalliya. Ku ɗebe sunan ga daga kanku, sannan mu yi aiki."

Wuta

Abin da mai riwaya kan manta, saboda sabo, shi ne a motar ƙarfe rabin wayoyin ba a ganin su. Wuta ta fita daga batir ta waya, ta dawo ta jikin motar. Faiba kuwa wutar lantarki ba ta bin jikinsa ko kaɗan. Ke nan kowace fitila, kowane agogo, har ham, sai an ja masa tasa wayar komawa zuwa shasi, wadda muke kira at. A tsarin Jamus wayar at ruwan ƙasa ce, lambarta 31. Lamba 30 ita ce wuta kai tsaye daga batir, 15 wadda sai an murɗa makulli, 50 mai zuwa kik. Wanda ya riƙe waɗannan huɗun zai iya bin motar ko ba zane.

Da muka buɗe bayan fitilun baya, sai muka tarar da at ɗinsu gaba ɗaya an tara a kan sukuru guda da aka murɗa a cikin faiba, daga nan wata siririyar waya ta tafi ƙarfen bamba, shi ma ya yi tsatsa. Wutar birki in ta rasa hanyar gida sai ta bi ta zaren ƙwan maƙwabta, shi ne ƙyaftawar da Alhaji ke gani. Wannan mai sauƙi ne. Na yi matattarar at biyu a jikin shasi, ɗaya gaba ɗaya baya, na kankare fenti har ƙarfe ya yi fari, kowace fitila na ja mata tata.

Kik ya fi ɗaukar hankalina. A Bitil ta asali batir na ƙarƙashin kujerar baya, kusa da kik. A wannan an kai shi can hancin mota. Na ɗaura doguwar waya daga kan negatif na batir zuwa mita, ɗaya bakin mitar na dafa a jikin inji, na ce wa yaro ya murɗa. Mita ta nuna bolt 2.3. A hanyar komawa kaɗai ake asarar wannan, alhali bai kamata ta kai rabin bolt ba. Inji da giyabos a kan roba suke zaune, abin da ke haɗa su da shasi wata faffaɗar waya ce saƙaƙƙiya a hancin giyabos. Na shiga ƙarƙashi na same ta: ta yi kore, yawancin silinta sun tsinke, kuma a kan fenti mai kauri aka ɗaure ta tun ranar da aka yi wa shasin walda.

Kik na jan sama da amfiya 100. In babbar hanya ta toshe, dole ya nemi wata. Na tambayi Alhaji ko tsohuwar wayar kuloci na nan, ya ce tana cikin but. Da aka ɗauko, inda ta tsinke ya yi shuɗi-baƙi kamar ƙarfen da ya fito daga maƙera, silin sun sandare, giris ɗin jikinta ya bushe ya zama gari. Ba gogayya ta cinye ta ba, wuta ce. Duk safiya ta wayar kuloci ake tada motar. Kuma saboda yankan santimita 30 ɗin nan, wayar Bitil ba ta shiga sai an rage tsawonta an sake matse kai, don haka duk tsinkewa Alhaji mai matsewar yake zagi, bawan Allah ba shi da laifi.

Na sa sabuwar saƙaƙƙiyar waya a kan tsiraran ƙarfe, na ƙara jan wata mai kauri tun daga negatif na batir har jikin giyabos. Na kuma sa rile, ɗan makunnin da ke ɗaukar nauyin wuta, kusa da kik, don wayar 50 ta daina ɗaukar nauyi tun daga makulli. Muka sake aunawa: 0.2.

Mutuwar batir a ajiye ba ta ba ni wuya ba. Mita ta nuna amfiya 0.4 na fita alhali komai a kashe. Na zare fis ɗaya bayan ɗaya, ba abin da ya motsa, wato ɓarawon ba ta ƙofa ya shigo ba. Amfilifaya ce aka ɓoye a bayan kujera, aka ɗaura ta kai tsaye a batir, ba ta taɓa barci. A awa 72 ta sha kusan amfiya-awa 29, a batirin da dama bai cika ba. Akwatin fis ɗin kansa irin na dā ne mai 'yan tangaran, fari na amfiya 8, ja na 16, amma biyu an naɗe su da silin waya, ɗaya da takardar kwalin sigari. Na canza shi da na zamani wanda ake samu a kowane shago. Alhaji ya ce, "Ba za ta rage daraja ba?" Na ce, "Ranka shi daɗe, ƙarƙashin dashbod yake, ba mai gani. Faiba kuwa in ya kama da wuta, kafin a kawo bokiti an gama."

Sai fitilar caji. Na sa hannu bayan agogon gudu, na zaro mazaunin ƙwan da ke bakin shuɗiyar waya. Babu ƙwai a ciki. Wani ne ta dame shi da ƙyaftawa ya cire, ya huta. To altaneto irin wannan ta cikin zaren wannan ɗan ƙwan yake samun 'yar wutar da ke tashinsa. In babu shi, ba ya fara caji sai an ba inji wuta sosai. Alhaji kuwa tuƙin ƙasaita yake mata, a hankali, ana gaishe shi yana ɗaga hannu, sai ya je ya dawo altaneto bai farka ba. Ni da na danna totur a gareji na ga caji, na sallame shi. Na mayar da ƙwai mai zare na wat 2.

Baba na zaune kan benci yana kallona, sai ya ce, "Ɗana, ka san mi waccan hitila ka tsaro? Ba batir ba na. Fanka ta." Gaskiyarsa. A Bitil fankar da ke sanyaya inji a kan sanda ɗaya take da altaneto, bel ɗaya ke juya su. In bel ya tsinke ko ya yi santsi, fitilar ce kaɗai za ta gaya maka inji na dahuwa.

Mai

Baba ya hana a taɓa ko noti ɗaya sai an yi wanka. Muka rufe distiributa da altaneto da leda, muka wanke injin da kananzir da garin sabulu, sama da ƙasa, muka bar shi ya kwana. A wasu wurare hoda ake barbaɗa wa inji don a ga inda mai ke tsattsafowa. Baba ya ce a Sakkwato da hunturu sayen hoda almubazzaranci ne. Muka bi wata hanyar burji wajen Wamakko na minti goma sha biyar, muka dawo.

Ƙura ta yi aikin. Inda ya bushe ta zauna fara-fara, in ka hura ta tashi. Inda mai ya bi kuwa ta kama, ta yi duhu, ta fitar da layi siriri-siriri kamar zanen lalle a ƙafar amarya. Baba ya kwanta a kan kwali da tocila a baki, yana bin kowane layi da ɗan yatsa zuwa sama, domin mai ba ya hawa, inda layi ya ƙare nan ne gidansa. Biyar ya ƙirga: bayan fulin karanshaf, marfin bawul na hagu, bututan fushrod, farantin ƙasa inda ake juye mai, da wani mai faɗi da ya gangaro daga cikin rumbun fanka ta kan silinda ta 3 da ta 4, wato daga kula, abin da ke sanyaya mai.

Wuri biyar lokaci guda ba tsufa ba ne kawai. Baba ya ce a tada inji. Ya buɗe marfin zuba mai, ya ɗora ledar fiyawota a bakin ya riƙe da yatsu. Nan take ta kumbura. Ya bi gefen wuyan da hannu, ya tarar da ɗan bututun numfashi an cusa masa ƙusa mai zare, an naɗe da farin tef.

"Wa yat toshe ma injin hanci?"

Dalilin a fili yake. An cire tukunyar tace iska ta asali an sa wata 'yar ƙarama mai ƙyalli, ba ta da wurin da tiyon numfashi zai shiga, wanda ya yi aikin sai ya toshe ramin don wuri ya yi kyau a hoto. Kowane inji yana tura ɗan hayaƙi ta gefen ringi zuwa cikin tukunyarsa, kuma dole ya sami mafita. Injin Bitil kuwa yana da wata ɗabi'a da bakaniken zamani ba zai zata ba: a bayan fulin karanshaf babu sil, wato robar tare mai, ko ɗaya. Zare ne aka yanka a wuyan fulin, yana juyawa yana mayar da mai ciki. Yana aiki ne muddin babu matsi a ciki. Da an toshe hanci, nan ne ƙofa mafi sauƙi.

A nan ciwon nawa da na Baba suka zama ɗaya. Man da ya fito ta fuli shi ke fantsama kan bel. Bel ya yi santsi, altaneto ya rage caji, fanka ta rage gudu. Inji ya ɗau zafi, robobin sil suka gasu suka taurare, suka fara yoyo su ma. Man da ya zuba kan kula da fikafikan silinda ya kama ƙura ya zama laka, iska ta ƙara rasa hanya. Fitilar da za ta yi ihu kuma an cire mata ƙwai. Ni na ɗaure bel na bar mai, wani bakanike kafin ni ya shafa gam a faranti ya bar wuta, kowa ya gyara rabinsa ya karɓi kuɗi.

Kafin a sauke inji mun auna matsin silinda huɗun, suka zo kusa da juna, don haka ringi ba su da laifi, muka bar su. Ɗauri huɗu ne kacal ke riƙe injin Bitil a jikin giyabos, kafin azahar yana ƙasa. Robobin kula da Baba ya lanƙwasa ɗaya karyewa ta yi kamar ƙuli-ƙuli. Bututan fushrod takwas ne, sil goma sha shida, kuma sai an cire kan silinda ake kai gare su. Baba ya ɗan ja kowane bututu ya buɗe murɗin bakinsa don ya matse sabon sil da kyau, ya juya ɗinkinsa sama. A nan ya lura cewa ɗan farantin da ke karkatar da iska a ƙarƙashin silindun hagu babu shi sam. Ya zana na dama a kwali, maƙeri ya yanko mana.

Farantin ƙasa shi ya fi tayar mini da hankali. Wannan inji lita 2.5 kawai yake ɗauka, kuma ba shi da filta irin ta motocin yanzu, rariya ce kawai a bayan faranti mai noti shida. Da muka buɗe, gam ɗin da aka lafta ya matso ciki ya zama tsutsotsi ja, sun cika rabin rariyar. Gaskit biyu na takarda da washar jan ƙarfe shida, su ne abin da wurin ke so, a ɗaure da yatsu biyu a kan sifana, don tukunyar injin da magniziyam aka haɗa ta, zarenta ba ya jure ƙarfi.

Kaya daga kasuwar Ladipo ta Legas suka zo, ta motar haya. Samun su bai yi wuya ba, tunda sai a 2003 aka daina ƙera Bitil a Meziko. Robobin kula ne aka aiko mana da na tsohon samfuri da farko, muka yi jiran kwana huɗu.

Wuri ɗaya muka saɓa da Baba. Na ce tunda inji na ƙasa, a canza sil ɗin fulawil, babban faifan ƙarfen da ke tsakanin inji da giyabos. Ya shafa ƙasan fulawil ɗin, ya ce a bushe yake, man da muka gani a wurin daga kula ya gangaro. Ya auna wasan karanshaf gaba da baya ya sami milimita 0.10, ƙa'ida kuwa 0.07 zuwa 0.13. Ya ce babban notin da ke riƙe fulawil, mai lamba 36, ba ya buɗe shi sai da dalili, kuma bai yarda da sil ɗin da aka aiko ba. Na ce, "Baba, in ya yi yoyo gobe sai mun sake saukewa." Ya ce, "Ɗauri huɗu na, ɗana." Na yi shiru, amma har yau ina ganin da mun canza.

Da muka mayar da inji, muka ja tiyon numfashi zuwa tukunyar iska. Muka kuma toshe gibin da ke tsakanin farantan inji da bodin faiba da falanki da roba, domin ta nan zafin salansa ke dawowa sama fanka ta sake shaƙa. Muka saita bawul a milimita 0.15 inji na sanyi, muka sa sabon bel, na mayar da washa biyun da na cire. Mai 20W-50 muka zuba. Shi zaren fulin nan da ke mayar da mai, yana jan ƙura ciki ma, don haka akwai fuli mai sil da ake yi domin masu tuƙi a rairayi. Alhaji ya ce a nemo. Kafin fulin ya zo, mun ce masa ya riƙa juye mai duk kilomita 1500, kada ya jira 5000.

Gwaji Boɗinga muka je muka dawo da rana tsaka. Caji ya tsaya a bolt 14.1, da fitilu a kunne 13.8. Muna tsayawa Baba ya zaro sandar auna mai ya riƙe a hannu, bai sake ta ba, alamar mai bai yi zafin da ya wuce kima ba, ya gyaɗa kai. Na kashe na tayar sau biyar a jere tana da zafi, ko sau ɗaya kik bai yi gardama ba. Da yamma muka shimfiɗa mata sabon kwali ta kwana a kai.

Da safe kwalin tas yake, sai ɗigo ɗaya kamar girman kwabo, daidai mahaɗar inji da giyabos. Baba ya dangwala ya sunsuna, ya ce ba warin man giya ba ne, na inji ne, ko dai sil ɗin ko toshiyar kamshaf da ke bayan fulawil. Na kalle shi, ya kalli wani wuri. Ya ce a bar ta ta ga zafin Afrilu tukuna, in ɗigon ya zama biyu a kira shi. Alhaji ya zo da kansa ya tuƙa abarsa, jar fitilar caji ta kama ta mutu a dashbod, na nuna masa na ce in ta kama a hanya ya tsaya nan take. Kwalin na zagaye ɗigon da biro, na jingine shi a bayan bencin Baba.